Harry Potter ko Star Wars: Wanne Ya Fi Farin Jini a Orlando?

Hajiya, tambayar da kika yi shekaranjiya na ga ba a ba ta haƙƙinta ba, kowa ya jefa kalma ɗaya ya wuce. Kin ce za ku je Filorida bikin kammala karatun babban ɗanki, kuna da kwana biyu a Orlando, kuma ƙannensa sun rabu gida biyu: macen tana son unguwar Harry Potter da ke filin shaƙatawa na kamfanin Universal, namijin ya kafe sai ta Star Wars a Disney, aljihu kuwa ba zai ɗauki duka biyun ba. Shi ne kika ce a faɗa miki wadda ta fi jan jama'a.

Harry Potter ce. Sai dai in kika kalli lissafin masu shiga ƙofa kawai, zai ruɗe ki. Tikitin da ake saya na filin shaƙatawar ne gaba ɗaya, babu tikitin unguwa ɗaya, kuma kamfanonin biyu ba sa fitar da adadin baƙin kowane fili. Abin da kowa ke dogaro da shi ƙiyasin shekara-shekara ne na wata ƙungiyar masu wannan sana'a da ake kira TEA. A wannan ƙiyasi Disney ce a sama tun da daɗewa, filinta na Magic Kingdom ya tara mutum sama da miliyan 17 a 2023, ya fi kowanne a duniya. To amma babu unguwar Star Wars a Magic Kingdom, tana wani filin ne dabam mai suna Hollywood Studios. Don haka ma'aunin da ya dace shi ne a duba yadda fili yake kafin unguwar ta zo, da yadda ya koma bayan ta zo.

A nan tazarar take. Filin Islands of Adventure na Universal ya ga mutum kusan miliyan 4.6 a 2009, kasuwarsa na ja da baya. Ranar 18 ga Yuni 2010 aka buɗe ƙauyen Hogsmeade da ginin makarantar Hogwarts a wani lungunsa. A ƙarshen shekarar, da wata shida kacal na Harry Potter, adadin ya kusa miliyan 6. A 2011 ya haura miliyan 7.6. Unguwa guda ta ƙara wa fili mutum miliyan uku cikin shekara biyu. Ganin haka Universal ta gina ta biyu, Diagon Alley, a filinta na maƙwabta a Yulin 2014, ta haɗa su da jirgin ƙasa. A wannan watan na Yulin 2014 dai aka buɗe ta Osaka a Japan, sai ta Hollywood a 2016, ta Beijing a 2021, sannan ta uku a Orlando cikin sabon filin Epic Universe a Mayun 2025.

Disney kuwa ta sayi kamfanin Lucasfilm, mai Star Wars, a 2012 kan dala biliyan huɗu da 'yan kai. Ta gina unguwar Galaxy's Edge iri ɗaya a wuri biyu, kowacce eka 14: ta Disneyland a Kalifoniya an buɗe ta 31 ga Mayu 2019, ta Orlando 29 ga Agusta. Kowa ya sa ran za a yi cikar kwari. Sai ga hotunan Disneyland a wannan bazarar, hanyoyi fayau, layuka gajeru. A rahoton kamfanin na wata ukun da aka buɗe unguwar, masu shiga filayensa na Amurka raguwa suka yi da kashi 3 cikin ɗari. Shugaban kamfanin na lokacin, Bob Iger, ya danganta abin da tsoron cunkoso da ya sa mutane suka ƙi zuwa, da tsadar tikiti da otal-otal, da kuma cewa lilo ɗaya tak aka buɗe unguwar da shi, babban bai kammala ba. Duk gaskiya ne. Har yau dai wurare biyun nan ne kawai. An taɓa sanar da wata a filin Disney na Faris a 2018, daga baya aka sauya shawara.

Ni a ganina dalilin ya wuce tsada da tsoron layi, kuma tun ran gini aka yi zane. Labarin Harry Potter labarin wuri ne. Yaron da ya karanta littattafan bakwai ya shekara bakwai a makarantar nan cikin ransa. Ya san shagon da ake sayen sanda, ya san sunan alawar da ake sayarwa a jirgi, ya san gidan da yake so a sa shi cikin gidajen ɗalibai huɗu. Aikin Universal shi ne ta gina abin da ya riga ya haddace, kuma marubuciyar, J.K. Rowling, ta riƙe ikon amincewa da kusan komai. Shi ya sa shagunan suke matsattsu kamar na cikin labarin, duk da cewa ɗan kasuwa zai so su yi faɗi, shi ya sa kuma ba a sayar da lemon kwalba na manyan kamfanoni a cikin unguwar.

Ki duba ƙofar Diagon Alley. Babu allo, babu kibiya. Titin Landan ne kawai za ki gani, da tashar jirgi da jerin gidaje da wata doguwar bas mai hawa uku a fake. Sai kin bi ta wani ɗan lungu kin zagaya bangon bulo mai kama da wanda ya rushe, sannan titin ya buɗe a gabanki, shaguna sun karkace hagu da dama, a can ƙarshe wani ƙaton dodo mai fukafukai ya hau kan ginin banki. Lokaci-lokaci sai ya yi gurnani ya feso wuta ta gaske, zafinta har fuskar wanda ke tsaye a ƙasa. Ki lura da mutanen da ke fitowa daga lungun nan. Manya ne, wasu da furfura, suke tsayawa cak suna riƙe baki. Ba wanda ya yi musu bayani, sun san inda suke.

Star Wars labarin mutane ne da yaƙi, yau ana wannan duniyar gobe ana waccan. Da Disney ta zo gini, sai ta ƙirƙiro sabuwar duniya mai suna Batuu da wani gari a cikinta, Black Spire Outpost, wanda babu shi a ko ɗaya daga finafinan. Dabarar ita ce baƙo ya ji labarinsa ne yake farawa, ba na wani yake bi ba. Suka kuma ɗaure garin a zamanin sababbin finafinai, tsakanin na takwas da na tara. Sakamakon haka, dattijon da ya kalli fim na farko a 1977 ya zo da jikokinsa bai tarar da Darth Vader, mugun tsofaffin finafinan, yana yawo ba, bai ga jaruminsu Luke ba. Kiɗan finafinan da kowa ya sani ma ba a sa shi a titunan ba, sai ƙarar injuna da jiragen da ke wucewa, wai don garin ya zama na gaske. Aikin ginin kam ya yi kyau matuƙa, duwatsu masu tsini, kasuwa mai rumfuna irin ta Maroko, ga jirgin Millennium Falcon a girmansa na ainihi a ajiye. Amma mutum na shiga ne kamar baƙon da ya sauka a tasha cikin garin da bai san kowa ba. Kamfanin da kansa ya sassauta daga baya, daga 2022 ya fara shigo da jaruman wasu zamunna, har da Mandalorian da ɗan koren jaririn nan Grogu.

Akwai kuma maganar tsaraba, wadda ita ce farin jinin da ido ke gani. A Universal za ki ga yara da manya cikin baƙar alkyabbar makaranta, ga ɗan gyale mai launin gidansu a wuya, cikin zafin Filorida da ke sa mutum jiƙewa sharkaf. Sandar da ake sayarwa tana aiki: akwai alamomin tagulla a ƙasa, yaro ya tsaya a kai ya juya sandar yadda aka zana, sai wani abu ya motsa a tagar shago ko ruwa ya tsirto. Sai abin shan nan Butterbeer, mai zaƙi da kumfa a sama, wanda aka sayar da kofi miliyan ɗaya cikin 'yan watannin farko. A Disney dokar fili ta hana wanda ya kai shekara 14 shiga cikin cikakkiyar shigar jarumi, ga shi babbar tsarabar, wato haɗa takobin haske da hannunka, dala 200 aka fara sayar da ita a 2019, haɗa butum-butumi kuma dala 100. Abin burgewa ne, ana yin sa a ɗaki mai duhu kamar wani biki, amma ba kowane uba ke iya yi wa yara uku ba.

Inda kwalliya ta ƙi biyan kuɗin sabulu ƙarara shi ne otal ɗin Galactic Starcruiser, wanda aka yi shi kamar jirgin sama jannati, baƙo ya kwana biyu a ciki yana cikin wasan kwaikwayo. Ɗaki ɗari ne, mutum biyu su biya wajen dala 4,800, iyali mai mutum huɗu kusan 6,000. An buɗe a Maris 2022, aka rufe a Satumban 2023.

Kada ɗanki ya ce na yi son kai, bari in ba shi nasa. In lilo guda za a ɗauka a auna, Rise of the Resistance na Star Wars, wanda aka buɗe a Orlando a Disamban 2019, yana da wuyar samun na biyu. Kusan minti 18 ake yi. Ana sa ku cikin ƙaramin jirgi, abokan gaba su kama shi, ƙofa ta buɗe ku fito cikin wani makeken zaure, ga sojoji hamsin cikin fararen sulke a jere, bayansu taga mai nuna taurari. Ma'aikatan wurin, da ke wasan jami'an abokan gaba, sai su ɗaure fuska su riƙa ba ku umarni har su tura ku kurkuku, daga nan a fasa bango a sa ku a motar da ba ta bin dogo ku gudu. Tun da ya fara aiki Hollywood Studios ya zama filin da ake sammakon zuwa, kuma layinsa na cikin mafi tsawo a Disney. Ɗayan lilon, na tuƙa Millennium Falcon, mutum shida ne a ciki, biyu matuƙa, biyu maharba, biyu masu gyara. Matuƙan ne ke cin moriya, na baya danna maɓalli ne kawai.

Universal ma ba kanwar lasa ba ce a nan. Lilon babur na Hagrid, ƙaton mutumin nan na labarin Harry Potter, ranar da aka buɗe shi a Yunin 2019, an yi layin da ya kai awa goma. Na cikin ginin Hogwarts kuwa kujera ce a kan hannun inji irin na masana'antar mota, yana wujijjiga mutum gaba da baya, wanda ke saurin jin jiri ya yi hattara.

Ga abubuwan da za su shafi shawararki kai tsaye. Na farko tsawon yaran. Lilon Hogwarts da na Hagrid sai mai santimita 122, na bankin Gringotts da ke Diagon Alley 107, alhali Rise of the Resistance 102 ne, Falcon 97. In autarki ƙarama ce, ta fi samun abin hawa a Disney. Na biyu tikiti: Hogsmeade da Diagon Alley suna fili biyu dabam, kuma ba a hawa jirgin ƙasan da ya haɗa su sai da tikitin shiga filayen biyu a rana ɗaya, wanda ya fi tsada. Epic Universe kuma yana can gefe da tasa ƙofar. Star Wars duk tana fili ɗaya, rabin yini ya ishe ku zagaye ta. Na uku abinci. Butterbeer sunan ne kawai mai ban tsoro, babu giya a cikinsa, sai dai mashayar da ke Hogsmeade tana sayar da giya ta gaske, haka ma mashayar Oga's Cantina a ɓangaren Star Wars, don haka a tambaya kafin a karɓa. Shuɗiyar madarar Star Wars daga kwakwa da shinkafa ake yin ta, amma sanannen naɗin gurasarsu, Ronto Wrap, naman alade ne.

Da ni ce da kwana biyun nan da kuɗin wuri ɗaya, Universal zan je, in sayi tikitin shiga filayen Hogsmeade da Diagon Alley biyun nan, in yi kwana ɗaya a kowanne, in hau jirgin ƙasan zuwa da dawowa tunda abin da ake gani ta tagar ya bambanta. Sai fa in ɗan naki irin yaran nan ne da suka haddace sunan kowane jirgi a Star Wars, ita kuma 'yar'uwarsa fim ɗaya ko biyu kawai ta kalla. In haka ne ku nufi Hollywood Studios, ku kasance a bakin ƙofa kafin a buɗe, ku wuce kai tsaye zuwa Rise of the Resistance.