Carnac ko Stonehenge: Wane Tsohon Katin Hoto Ya Cancanci Kuɗinka?

Duk wanda ya ƙuduri niyyar tara tsofaffin katunan gidan waya masu hotunan kafaffun duwatsu da kaburburan dutse na mutanen zamanin da can, zai tarar da su jibge a kasuwannin intanet irin su Delcampe da eBay, kuma yawansu ne zai fara rikita shi. Abin da ya kamata ya riƙe kafin ya taya wani kati shi ne cewa da yawa daga cikin waɗannan wurare an taɓa su a ƙarni na 20: an ɗaga duwatsun da suka faɗi, an zuba wa gindinsu siminti, an ja musu shinge. Saboda haka katin da ya cancanci a kashe masa kuɗi shi ne wanda ya nuna wurin kafin a gyara shi, wanda kuma ake iya gane lokacinsa.

Ta fuskar gane lokaci, Stonehenge da ke kudancin Ingila ya fi kowanne sauƙi, domin tarihin gyaransa a rubuce yake. Dutse mafi tsayi a wurin ya daɗe a karkace har sai da William Gowland ya miƙar da shi a 1901, watanni bayan wani dutse da wanda aka gicciya a kansa sun faɗi a daren 31 ga Disamba, 1900. Daga nan aka tokare wasu duwatsun da gumagumai har zuwa gyaran 1919 da 1920, sannan a 1958 aka sake tayar da manyan duwatsu uku da suka kife tun 1797. Mai saye da ya san waɗannan shekaru zai dubi hoto ya ce ga zamaninsa. Sai dai akwai tarko: kamfanoni irin su Frith da Valentine sukan shafe shekaru suna buga hoto guda, don haka shekarar hoto daban, shekarar kati daban. Aibin Stonehenge kuwa shi ne an buga shi har ya gundura, kusan kowa daga kusurwa ɗaya, kuma idan ba dutsen a karkace ko gumaguman tokara suka fito ba, babu dalilin biyan kuɗi mai yawa.

A ganina, wanda zai fara tarawa ya fi cin riba idan ya nufi yankin Bretagne da ke yammacin Faransa. A Carnac kaɗai akwai duwatsu sama da 3,000 a jere, a filayen Ménec da Kermario da Kerlescan, kuma tun 1991 aka kewaye su da shinge, alhali katunan farkon ƙarni na 20 suna nuna tumaki na kiwo a tsakanin layukan, yara na zaune a kan duwatsun, mata kuma na tsaye da fararen hulunansu na gargajiya. Mutum a cikin hoto yana ƙara wa kati daraja, domin da shi ake gane girman dutse. A Locmariaquer akwai kabarin da ake kira Table des Marchands, wanda a tsofaffin katuna ake ganinsa tsirara, ƙaton falalen dutse a kan 'yan ƙafafu kamar tukunya a kan murhu. Bayan tonon da aka fara a 1986 an sake lulluɓe shi da tarin duwatsu, ta yadda kamanninsa na wancan lokaci ba ya nan sai a takarda. Kusa da shi ne dogon dutsen nan mai tsawon kimanin mita 20 yake kwance, ya karye gida huɗu. Haka kuma dutsen Saint-Uzec, wanda Kiristoci suka sassaƙa wa gicciye a ka: fentin da ke jikinsa ya koɗe, amma a tsofaffin katuna yana nan raɗau.

Sunan mai bugawa yana da muhimmanci a nan. Alamar ND ta 'yan'uwan Neurdein da alamar LL ta gidan Lévy suna nufin bugu mai tsabta amma mai yawan gaske, don haka da wuya su yi tsada. Katunan Villard na Quimper da Hamonic na Saint-Brieuc sun fi kusantar rayuwar ƙauye. Waɗanda na fi fifitawa su ne na Zacharie Le Rouzic, ɗan Carnac wanda ya rasu a 1939, domin shi da kansa ya tona wuraren ya kuma tayar da duwatsu da yawa, har yakan sa wa waɗanda aka tayar ɗan tabon jan siminti don kada a ruɗe. Amma kada a yarda da duk bayanin da aka buga a ƙasan hoto. Masu bugawa da dama sun danganta duwatsun ga bokayen Keltawa, wasu tsofaffin mazauna yammacin Turai, alhali an kafa su dubban shekaru kafin zamaninsu.

Newgrange, wani tsohon kabarin dutse a ƙasar Ayilan, zaɓi ne na uku mai kyau ga wanda ya ci karo da shi, tunda farin bangon da ke fuskarsa a yau an gina shi ne bayan tonon da aka yi tsakanin 1962 da 1975, tsofaffin hotuna kuwa tudu ne kawai da ciyawa da bishiyoyi.

Bayan zaɓen wuri sai duba katin kansa, kuma a nemi mai sayarwa ya nuna bayansa. Idan bayan ba a raba shi da layi ba, an tanade shi domin adireshi kaɗai, to na farkon zamanin katuna ne, domin Birtaniya ta halatta raba baya a 1902, Faransa kuma daga 1904. Tsofaffin katuna kimanin santimita 9 da 14 suke, waɗanda suka fi haka girma galibi na bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne. 'Yan kasuwar Faransa suna rubuta CPA ga tsoho, CPSM ga na tsakiya, CPM ga na zamani. Idan aka sa gilashin ƙara girma, hoton ainihi da aka wanke a takardar hoto ba shi da ɗigo-ɗigo, bugun tawada mai kyau na wancan zamani yana da ƙananan tsagu marasa tsari, ɗigo a jere kuma alama ce ta bugu mai arha ko kwafin baya-bayan nan. Masu launi suna jan ido, amma da hannu ko a maɗaba'a aka ƙara launin, sau da yawa bisa ra'ayin mai shafawa, don haka baƙi da fari ya fi zama shaida.

Kati da aka aika ya fi sabo fil amfani ga mai neman tarihi, saboda hatimin gidan waya yana tabbatar da cewa ba a buga shi bayan wannan rana ba. Faransawa sun saba manna kan sarki a fuskar hoto, kuma wannan ba aibi ba ne muddin bai rufe dutsen ba. Abin gudu shi ne karaya a tsakiya, da tabon gam na kundin da aka ɓanɓaro katin.

Ga mai saye daga Kano ko Maradi, kuɗin aikawa yakan zarce kuɗin kati guda, don haka ya fi dacewa a haɗa da yawa daga hannun mutum ɗaya, a kuma biya aikawa mai rajista. Idan sun iso, a sa kowanne a jakar leda ta adana takardu, a ajiye su a akwati mai murfi nesa da ƙasa da bango, saboda gara da danshin damina.