Wasiƙa daga Dakar zuwa Argungu

Yaya, assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, da Inna da yara duka. Ka tambaye ni abin da ya fi ɗaukar hankalina a Sanagal. Wallahi ruwa ne.

Dakar teku ya zagaye ta ta gefe uku, ruwan gishiri zalla. Kaso mai yawa na abin da muke sha daga tafkin Guiers ake turo shi, can arewa, tafiyar kilomita kusan 250 cikin bututu, bayan an tace shi a Keur Momar Sarr. A gidan da nake haya akwai mita. Duk wata biyu takarda ke zuwa, mu biya ta waya da manhajar tura kuɗi ta Wave. Kashin farko na ruwan da gida ya sha a farashin talaka ake lissafa shi, mai ɓarna kuwa kuɗinsa hawa yake. Tun zuwana ban saurari kiran ɗan ga-ruwa da asuba ba, ban ƙirga jarka ba.

Wani dattijo da ke kawo mana ɗinki, tsohon ma'aikacin ruwa ne, shi ya warware mini asirin. Kogin Sanagal ke cika tafkin, kogin kuma na ƙasashe huɗu ne. A 1972 Sanagal da Mali da Muritaniya suka kafa ƙungiyar OMVS mai kula da kogin, Gini ta shiga a 2006. Ƙasashe ukun farko suka gina madatsar Diama a 1986 don ta tare ruwan teku da ke haurowa da rani, sannan ta Manantali a cikin Mali. Madatsun mallakarsu ne tare, bashin ginin ma raba shi suka yi. Har Nuwakshot, babban birnin Muritaniya, daga wannan kogi take sha.

Da na ji haka sai raina ya sosu. Mu da kogin Neja ta ƙasar Kebbi yake shigowa Najeriya, ga gulbi kwance a bayan gari, ga madatsun Goronyo da Bakolori a sama da mu, amma Inna na dakon mai kura. Hukumar kogin Neja na nan a Yamai da ƙasashe tara. Ina son ranar da aikinta zai iso bakin famfon unguwarmu. Gulbin Maraɗi ma fita yake zuwa Nijar ya dawo mana, ruwanmu da nasu ɗaya ne tun asali.

Kada ka ɗauka nan babu wahala. Masu zama a saman bene sukan kwana tarar ruwa. A 2013 bututu ya fashe, garin ya kwashe makonni cikin ƙishirwa, har yau ana labarin. Da damina kuma yankunan Pikine da Keur Massar da ke gefen Dakar ambaliya ke cin su, ruwan masai ya haɗu da na kwata. Sai dai idan masai ya cika, mota ake kira ta zuƙe ta kai wurin da aka tanada, abin da na so a ce muna da shi, ganin yadda amai da gudawa ke ɗibar mana yara.

Kuɗin da na turo, don Allah a fara da ɗaga bakin rijiyar gida a yi mata murfi, a kuma haƙa sabuwar salga nesa da ita kafin ruwa ya sauka. A gaishe da Inna, a ce ta sa ni a addu'a.

Ƙaninka.