Kolajin a Damagaram: na shafawa, na sha, da wanda ya kamata a guje wa

Kalmar kolajin ta cika kwalabe a shagunan kayan kwalliya, daga kasuwar Dole har farmasi. Tana jikin man shafawa, tana jikin sabulu, ga gari da ake damawa a sha, ga kuma ƙwayoyi. Kafin a zaro jaka biyar ko goma, gara a san abin da kowanne zai iya yi, don wani ɗan amfaninsa kaɗan ne, wani kuwa ɓarna yake yi.

Kolajin furotin ne da jiki ke ƙera wa kansa, kusan kashi ɗaya cikin uku na furotin ɗin jikin mutum. A fata ba a sama yake ba, yana can shimfiɗa ta biyu, a saƙe kamar zare, shi ke riƙe fata ta tsaya da ƙwari. Daga shekara ashirin da ɗoriya yakan ragu da kimanin kashi 1 cikin 100 duk shekara, mace kuma tana iya rasa kusan kashi 30 cikin 100 a shekaru biyar na farko bayan ɗaukewar al'ada. Hasken rana da hayaƙin taba suna ƙara masa saurin lalacewa.

A fara da na shafawa. Masana suna auna girman ƙwayar sinadari da ma'aunin dalton. Abin da ya wuce dalton 500 da wuya ya ratsa lafiyayyar fata, ƙwayar kolajin kuwa tana kusan dalton 300,000. Wannan raƙumi ne a bakin kafar allura. Ko wanda aka daddatsa ƙanana yawanci yana da dubban dalton. Saboda haka a saman fata yake zama, ya riƙe danshi, fuska ta yi laushi zuwa wanka na gaba. Lokacin hunturu, sanda ƙura ke sa ƙwauri ya yi fari fat, leɓe ya tsage, wannan ma amfani ne. Sai dai man kaɗanya, gilisarin da aka sirka da ruwa, ko basilin, duk suna wannan aiki da kuɗi kaɗan, musamman in an shafa cikin minti uku da fitowa wanka, jiki bai gama bushewa ba. Sabulun kolajin kam ba sai an tsaya a kansa ba: ruwan ɗauraya ke tafiya da shi.

Na sha ya fi buƙatar tunani. In ya shiga ciki narkewa yake kamar kowane nama, ya rabu ƙanana, jiki ya kai inda yake da buƙata, ba lallai fuska ba. Gwaje-gwajen da aka yi sun ba mutane gram 2.5 zuwa 10 kullum, tsawon mako 8 zuwa 12, wasu kuma sun ga ɗan ƙarin danshi da taushi. Matsalar ita ce da yawansu masu sayar da kayan ne suka biya kuɗin yin su. Wani nazari da ya fito a 2025, wanda ya tattara gwaje-gwaje 23, ya gano cewa in aka ware waɗanda kamfanoni suka ɗauki nauyi, ba a ganin wani bambanci na a zo a gani. Wanda ke da hali yana iya gwadawa, amma kada a ci bashi saboda shi.

In an yanke shawarar saye, a yi lissafi tukuna. Gwangwanin gram 300, in ana shan gram 10 kullum, wata ɗaya zai yi, ke nan ana buƙatar uku kafin a ce an gwada. Ƙwayar da ke da miligiram 500 sai an haɗiye goma kafin a kai gram 5, shi ya sa gari ya fi ƙwaya sauƙi. A karanta asalinsa a jikin gwangwani: "bovin" na saniya ne, "marin" na kifi, "porcin" na alade. Wanda bai faɗi asalinsa ba, a ajiye shi. Mai rashin jituwa da kifi ya guji na kifi. Mai ciwon ƙoda, mai juna biyu da mai shayarwa su tambayi likita. Ganda da farfesun ƙafar saniya ma kolajin ne da ya dahu, hanya ɗaya suke bi a ciki.

Wanda ya fi tayar da hankali shi ne man da aka rubuta wa kolajin amma yake sa mutum ya yi haske cikin mako biyu. Kolajin ba ya canja launin fata ko kaɗan. In launi ya canja, to akwai wani abu a ciki, galibi clobetasol ko betamethasone (magungunan kumburin fata masu ƙarfi), ko hydroquinone (sinadarin haskaka fata), wani lokaci har da sinadarin makuri mai lahanta ƙoda. Biyun farkon nan hana fata ƙera kolajin suke yi. Sai ta yi siriri, jijiyoyi su fito raɗau, nankarwa mai faɗi ta tsaga cinya da damtse, ƙuraje da makero su samu wurin zama, rauni ya daɗe bai warke ba. Nankarwar nan ba ta komawa. Haɗin da aka zuba a roba babu suna babu jerin sinadarai, ko ƙanwa ce ta kawo, kada a shafa. Wadda ta yi watanni tana shafawa kuma kada ta daina rana ɗaya, fuska za ta yi ja da zafi. Ta je wurin likitan fata a rage mata a hankali.

Kuɗin da aka ware wa kolajin ya fi amfani a man kare rana mai lamba SPF 30 ko sama, a shafa kowace safiya, gwargwadon abin da aka matsa a tsawon yatsu biyu ga fuska da wuya, a sake bayan awa biyu in ana waje. Baƙar fata tana da kariyarta, amma ba ta isa ranar bazara ta Damagaram ba. Jiki kuma ba ya iya saƙa kolajin sai da bitamin C, ga shi a garin ɗan kuka, gwaiba, lemun tsami da tattasai. Ruwan bitamin C na shafawa, mai kashi 10 zuwa 20 cikin 100, zafi da haske na kashe shi. Da zarar ya koma ruwan ƙasa ya tashi aiki.

Abin shafawar da aka fi tabbatar yana sa fata ta ƙera sabon kolajin shi ne tretinoin, kuma likita ke rubuta shi. Ana farawa da mai ƙarfin 0.025 cikin 100, gwargwadon ƙwayar wake ga fuska duka, da dare, sau biyu a mako, a bi da mai a kai. Sai bayan wata uku zuwa shida ake ganin canji. In an cika shi fata za ta yi saɓa, a baƙar fata kuwa saɓar kan bar tabo mai duhu, don haka ba a so a fara shi a tsakiyar hunturu. Mai juna biyu, ko mai neman haihuwa, ba ta taɓa shi sam.