Hill House ko Bly Manor, wanne ya fi shiga rai?

Fina-finan tsoro ne masu dogon zango, kuma mutum ɗaya ne ya shirya su, Mike Flanagan, duka a Netflix, amma wallahi karɓar da suka samu ba ɗaya ba ce. Hill House ya fito a 2018, kashi 10, labarin iyalin Crain da gidan da ya cinye su. Masu sharhi sun yaba sosai, har Stephen King, shahararren marubucin labaran tsoro, sai da ya yabe shi, 'yan kallo kuma suka dinga tsayar da hoto suna neman fatalwowin da aka ɓoye a lungu da bayan ƙofa. Ni kashi na 6 ne ya kama ni, inda 'yan uwa ke rigima a gaban gawar 'yar uwarsu Nell, kyamara na zagaya su ba a yanke ba, ga ruwa na zuba a waje, ban san sanda na miƙe zaune ba.

Bly Manor kuwa 2020 ne, kashi 9, an kai labarin Ingila. Masu sharhi sun ce ya yi kyau amma bai kamo na farko ba, mutane da yawa suka yi ta ƙorafi wai babu tsoro, yana jan ƙafa. Gaskiya suna da hujja, ya fi karkata ga soyayya da baƙin ciki. Amma Hannah Grose, matar nan mai kula da gida da ke kunna kyandir, har yau tana raina. In tsoro kake nema fara da Hill House.