Ɗakin gashin da ke koya wa hannun Inna ji

Masu tambayata inda muke kai Inna tun da hawan jini ya buge ta, ga bayanin. Wani ƙaramin ɗakin gashin ƙashi ne a cikin garin Ringim, likita mace ɗaya da yaronta, gado biyu da keken motsa ƙafa. Daga ƙauyenmu kuɗin mota ma ya fi kuɗin ganin likitar.

Ciwon Inna ba na rashin ƙarfi ba ne. Hannunta na dama yana motsi, tana ɗaukar ludayi, amma da ta kau da ido sai ya suɓuce ba ta sani ba. Ta taɓa dafa murfin tukunya a kan wuta, sai da fatar ta tashi muka gane. A gida kowa cewa yake a yi ta murza hannun da man zafi.

Abin da ya sa na yarda da wurin nan shi ne likitar ta fara da gwajin ji. Ta ce, "Inna, ku rufe ido," ta shafa mata auduga, sannan ta ɗora tsinke biyu a kan yatsa tana tambaya ɗaya ne ko biyu. Lafiyayyen yatsa yana rarrabe su ko da tazararsu milimita 2 zuwa 3 ce, gadon baya kuwa sai an kai wajen santimita 4. Inna ba ta rarrabe ba sam.

Daga nan ta zaunar da ni ta zana mini a takarda. Akwai wani ziri a saman ƙwaƙwalwa, daga tsakar kai ya gangaro wajen kunne, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Saƙon taɓi da zafi da sanyi yana tashi daga fata, ya bi laka, ya tsallaka ɗaya ɓarin, ya yada zango a wani wuri can cikin ƙwaƙwalwa da ake kira talamus, sannan ya iso zirin. Shi ya sa ɓarnar da ta samu ƙwaƙwalwar Inna tana hagu amma hannun dama ne ya daina ji. Kowace gaɓa da filinta a wurin, sai dai rabon kamar na gonar da babba ya yi wa ƙannensa wayo ne: hannu da leɓe da harshe sun kwashe mafi yawa, baya da cinya sun tashi da ɗan kaɗan. Wani likitan tiyata a Montreal ta Kanada, Wilder Penfield, shi ya fitar da wannan taswira a 1937.

Na tambayi likitar Inna ko abin gado ne, don ina da 'ya'ya. Ta ce hawan jinin ne ke bin dangi, shi za mu riƙa aunawa. Akwai dai waɗanda ake haifa da tawaya a ƙwayar gado mai suna PIEZO2, ba sa sanin inda gaɓoɓinsu suke sai sun duba, amma ba su da yawa. Ardem Patapoutian ya samu kyautar Nobel a 2021 kan gano na'urorin taɓi na jiki irin wanda wannan ƙwayar gadon ke samarwa. Na Inna lafiyarsu ƙalau, mai karɓar saƙon ne ya taɓu.

Maganin ba inji ba ne. Kwanon gero likitar take cikawa ta binne gyaɗa da maɓalli da makulli, Inna ta lalubo ido a rufe ta faɗi abin da ta kama. A gida kuma jan carbi da hannun, kullum. Yanzu tana gane makulli, gyaɗa da wake ne har yau suke rikita ta.

Inda suka gaza: ba sa ba da lokaci, sai ka sammako ka zauna, ga babu rumfar kirki ga tsofaffi. Yaron kuma yana da gaggawa, in shi ya karɓe ku ku nemi likitar ta duba da kanta. Ta hana mu gasa hannun da ruwan zafi ko kaɗan, tunda mai shi ba zai ji ƙuna ba. In za ku je, ku tafi da katin awon jini da magungunan da mara lafiyar yake sha.