Kan Dutse Ko Cikin Gari: Ina Mai Cutar Siliyak Za Ta Ci Abinci?

Hajiya, na ga tambayarki. Kin ce a Janairu za ku bar hunturun Sakkwato ku je wurin ƙaninki a birnin Turin na Italiya, shi kuma ya yi alkawarin kai yara Sestriere, wani gari da ke kan dutse, su ga wasan zamiya kan dusar ƙanƙara. Ga 'yarki mai cutar siliyak, wadda ko ɓurɓushin alkama ba ya zama a cikinta lafiya. Ku ci a gidan abincin da ke can kan dutse, ko ku haƙura sai an sauko gari?

Ta fuskar doka duk ɗaya ne. Tun Disamban 2014 Tarayyar Turai ta wajabta wa masu sayar da abinci su bayyana abubuwa 14 da ke tayar wa mutane da ciwo, har da alkama da sha'ir. Abin da aka rubuta wa "senza glutine" kuwa, wato "babu gulutin" da Italiyanci, gulutin ɗinsa (sinadarin alkama da sha'ir da ke cutar da mai siliyak) bai wuce miligiram 20 a kilo ɗaya ba. Sai dai takarda daban, ludayi daban.

Yawancin na kan dutse ɗauki-da-kanka ne. Wajen ƙarfe ɗaya na rana kowa ya kwaso yunwa da sanyi, layi har bakin ƙofa, mai zuba abinci ba ta da lokacin ɗaga kai, balle ta saurari bayani. Ludayin da ya fito daga taliya shi zai faɗa cikin polenta, tuwon masararsu. Man da aka soya nama mai garin burodi, a cikinsa ake tsoma dankali. Kwandon burodi na gefen cuku, kowa ya yanka sai ya bar ɓarɓashi. Kin san yadda ake rabon abinci a gidan biki idan 'yan kai amarya sun iso gaba ɗaya? To haka.

Abin haushin, polenta tuwon masara ce kawai, ita kanta ba ta da laifi. Miyar naman da ake malala mata ce matsala: sau da yawa da fulawa ake kaurara ta, wani lokaci har da giya, tsiran da ke ciki kuma galibi na alade ne. Kin ga mu tambaya biyu ke gabanmu, ba ɗaya ba.

A cikin gari za ki zauna a kawo miki, kuma akwai wanda za ki yi magana da shi. Italiya ta yi fice a nan: ƙungiyar masu siliyak ta ƙasar, AIC, tana da jerin gidajen abincin da ta horar da ma'aikatansu. Ƙaninki ya duba jerin, ya buga waya tun ana gobe. Kada ya ce "ba ta cin alkama", za su ɗauka tsarin rage ƙiba ne. Ya ce "celiaca", wato mai siliyak, ya tambaya ko tukunyarta da man suyarta daban suke. Ya fi tsada kuma ya fi cin lokaci, gaskiya ne.

Ni dai da 'yata ce, babban abinci a gari za mu ci. A sama, shayi mai zafi, ayaba, yogot da ba a buɗe ba, sai guzurin jaka. Idan dole ta kama, ku shiga da sha biyu, kafin ludayai su gauraya.

Guzurin nan, ki ƙullo dabino da gyaɗa, da garin kunun gero wanda ba a kai shi injin da ke niƙa alkama ba. Kilishi da nono kam ki bar su a gida, ba a yarda matafiyi ya shiga Tarayyar Turai da nama ko madara daga Najeriya ba, a filin jirgi za su karɓe.