Wane harsashi za ka saya idan harbinka na bauɗewa?

Harsashi tara sun taru wuri guda har murfin kwalbar lemo ya rufe su, na goma ya yi gefe da kusan tsawon yatsa. Duk mai harbin takarda daga kan teburi ya san wannan takaicin. Ni bauɗaɗɗe nake kiransa, kuma wata uku cur na yi ina farautar dalilinsa a inda ba ya nan.

Bindigar iska nake magana, mai faɗin baki milimita 4.5, a nisan mita 25, wato nisan da ake gasar harbin teburi ta duniya da irin wannan bindiga: harbi 25, cikakken maki 250. Kada wani ya ce ai ta harbin tsuntsu ce. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa ta cikin waɗanda sai da lasisin 'yan sanda, don haka wanda ba shi da takarda ya fara zuwa hedkwatar 'yan sandan Kano da ke Bompai ya yi tambaya. Mu a gonar wani aminina ta hanyar Gezawa muke yi, da tudun ƙasa a bayan takardar.

Kafin ka fitar da ko sisi, karanta takardarka, don ba kowane laifi ne na harsashi ba. Idan ramukan sun jeru daga sama zuwa ƙasa, ƙarfin iskar bindigar ne ke hawa da sauka, ko robar da ke toshe gindin bututu ta gaji, ko kuma riƙonka ne ke canzawa. Idan sun bazu hagu da dama, iska ce ko fizgar kunama. A hunturu in hantsi ya yi, gara ka naɗe kayanka. Idan tarin gaba ɗaya yana tafiya sannu a hankali, notin ƙota ya kwance ko madubin saiti yana zamewa, abin da bindiga mai sifirin ta saba jawowa saboda tana bugu gaba da baya. Irin wannan bindigar ma ba ta son a ɗora ta kan abu mai tauri. Jakar da nake ɗora bindigar a kai wani baduku ne ya ɗinka mini, na cika ta da gero, ta fi mini ƙarfen da ake yayi. Amma idan tara sun taru ɗaya ya ɓalle, yau sama, gobe hagu, ba tsari, to ka dubi gwangwanin harsashi.

Ba zan ɓoye ba, harsashin JSB Exact nake so. A garin Bohumin na ƙasar Cek ake yin sa, mai zagayayyen kai, nauyin kowane ɗaya giram 0.547, ɗari biyar a gwangwani. Dalmarsa taushi gare ta, gindinsa da ya buɗe kamar bakin kakaki siriri ne, saboda haka da iska ta bugo shi sai ya buɗe ya kama layukan cikin bututu, iskar ba ta samun kafar zurarewa. Abin da ya fi burge ni shi ne ana sayar da shi da girman kai daban-daban, 4.51 da 4.52 da 4.53, kuma an rubuta a takardar da ke manne a ƙasan gwangwanin tare da lambar zubi, wato lambar rukunin da aka ƙera tare. Bambancin kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ne, ido ba ya gani, amma bututu yana ji. Tawa 4.52 take so. Ranar da na gano haka, harbi goma suka shige rami ɗaya mai yagaggen baki, na daɗe a tsaye ina kallo kamar wanda aka yi wa albishir. Idan ka dace da zubin da ya karɓi bindigarka, sayi abin da aljihunka zai iya na wannan lambar, don zubi na gaba ba lallai ya zo daidai da shi ba. Aibinsa ɗaya, taushin nan. Gwangwani ya faɗi a kan siminti sau ɗaya, sai ka zauna tsince kamar mai tsintar shinkafa.

H&N Field Target Trophy na Jamus, giram 0.56, shi ne na biyu a wurina. Ya fi jure wahalar hanya, kuma akwai bindigogi masu sifirin da suka fi shiri da shi. Yayansa Baracuda Match, giram 0.69, ya fi tsayawa a iska, amma na bindiga mai ƙarfi ne wadda ake ɗura wa iska a tulu. RWS Superdome ba laifi, ba kuma yabo. Crosman Premier na Amurka dalmarsa ta yi mini tauri. Masu tsinin kai na burga ne. Masu faffaɗan kai na mita 10 ne. Su kuwa marasa nauyin nan da ba na dalma ba, waɗanda ake tallar gudunsu, suna kaiwa gudun sauti ne su fara tangaɗi, ƙara kawai za ka sha.

Yanzu ga abin da ya ci ni. Wani mai talla a Facebook ya sa hoton gwangwanaye a farashin da ya kamata ya sa ni tunani. Na manta ba a cinikin biri a sama, na tura kuɗin uku, ɗan sahu ya kawo mini har ƙofar gida. Gwangwani na gaske, rubutu na gaske, har ɗan soson da ke ƙarƙashin murfi yana nan. Daga nan bauɗaɗɗe ya fara, biyu ko uku cikin kowane goma. Na ɗaure noti, na wanke bututu, na canza roba, ƙarshe na yanke hukunci madubi ne ya mutu, na sayi sabo da kuɗin da har yau uwargida ba ta san adadinsu ba. Ba abin da ya canza. Wani dattijo da muke harbi tare, tsohon soja, ya ce, "Yaro, ka bar jaki kana dukan taiki. Miƙo gwangwanin nan." Ya zazzage shi a kan farin hankici, ya sa ɗan yatsa yana rarrabawa. Kafin minti biyar ya yi kashi uku: masu sheƙi na asali, wasu masu layin zubi a gefe kamar ɗinki, da wasu da suka yi fari-fari don tsufa. Na ce, "Baba, ashe haɗin gambiza aka yi mini." An sa na kirki a sama kamar yadda ake jera manyan tumatir a bakin kwando.

Tun daga ranar ba na karɓar gwangwani sai na juya shi. Babu takardar girman kai da lambar zubi a ƙasa, na fasa. Murfi ya nuna alamar an taɓa buɗe shi, ko salatif ɗin ya yi biyu, na fasa. Ina zazzagewa har ƙasa a gaban mai kaya, in ya ɓata rai matsalarsa ce. Ka sayi ƙaramin sikelin nan irin na masu sayar da gwal, ka ɗebo ashirin daga sama, tsakiya da ƙasa ka auna ɗaya-ɗaya. Na gaske kusan lamba ɗaya za su yi ta ba ka. Dalmar ɗari biyar ta JSB Exact, ban da gwangwani, wajen giram 273 ce, don haka wanda aka tsakure ma zai tona kansa. Mirgina kaɗan a kan gilashi: masu kyau baka iri ɗaya suke yi, mai lanƙwasasshen gindi sai ya yi ta ɗingishi. Ka kiyayi mai cewa "ai duk kamfani ɗaya ne ke yi," da mai sayarwa a ƙulle cikin leda kamar gyaɗa, da mai cewa ragowar kayan wani Bature ne. Ko na gasken ne, idan ya sha jijjiga a ƙasan buhu daga Legas zuwa Kano ba tare da an naɗe shi ba, rabinsa ya tashi aiki. In ɗan'uwa zai taho maka da shi daga waje, a bi ƙa'idar kwastan, a kuma cusa gwangwanin cikin tufafi. Af, masu ajiye harsashi a baki lokacin harbi su daina. Wanda ya tuna yaran Zamfara a 2010 ya san aikin dalma a jiki.

Idan ka samo iri biyu ko uku, kada ka yanke hukunci da harbi uku. Duk sanda ka canza iri, ɓarar da kamar ashirin tukuna bututu ya saba da sabuwar dalmar, sannan ka yi tari biyar na goma-goma da sassafe kafin iska ta taso, ka rubuta lambar zubi a jikin kowace takarda. Tsohon madubina na mayar kan bindigar, lafiyarsa ƙalau. Sabon yana nan cikin kwalinsa a saman durowa, idan akwai mai so mu daidaita.